Yadda za ku haɗa majalisar masu karatu kuma kar ta mutu a wata na biyu

Ta farko da muka kafa wata biyu tayi ta mutu, kuma ba wani ne ya kashe ta ba, mu ne da hannunmu. Mun buɗe guruf a WhatsApp muka zuba mutane sun fi arba'in, kowa ta ɗauko ƙawarta ta jefa, satin farko waya har zafi take saboda saƙo, kowa na turo hoton bangon littafin da take karantawa ana ta masha Allah, Allah ya ƙara basira, sati na uku wata ta fara tallar atamfa da turaren wuta, sati na biyar aka koma sanarwar biki da suna da ta'aziyya, daga nan sai barka da Juma'a kawai ake turowa da hoton fulawa. Ba wadda ta fita, ba kuma wadda ta sake maganar littafi.

Da na zauna na duba sai na gane ba karatun ne bama yi ba, karatu kam muna yi har abinci ya ƙone a kan wuta. Maganar karatun ce bamu iya ba. In ka tambayi mutum ya littafin nan, amsar ɗaya ce, wallahi yayi daɗi, ko kuma ni bai min ba, shikenan an gama, to me za a ɗora a kan wannan? Ta biyun da muka sake haɗawa ita ce ta rayu har yau, kuma abin da zan zayyano a ƙasa shi ne yadda muka yi, da gyaran da muka yi bayan mun sha ƙasa. Tamu ta mata ce, amma yayana ya kwafi tsarin ya kai majalisarsu ta shayi kuma ya zauna musu, don haka maza ma ku matso.

Fara da mutane kaɗan

Shida zuwa goma. Kar ku wuce haka da farko ko da ana roƙonku. Dalili kuwa lissafi ne kawai, in zaman awa ɗaya da rabi ne kuma kowa zai samu bakin magana sau biyu ko uku, mutum goma sun cinye lokacin tas, in kun kai ashirin to mutum huɗu ne za suyi ta magana sauran su koma 'yan kallo, ɗan kallo kuma zama biyu yake zuwa ya daina.

Wajen zaɓe kar ki ɗebo ƙawayenki na kusa kaɗai waɗanda komai kika ce za su ce haka ne. Ki nemo mai gardama guda ɗaya, irin wadda in kowa yace fari sai ta ce ai da ɗan ja a jiki, ita ce gishirin zaman. Ki nemo babba ɗaya wadda ta karanta littattafan da, da yarinya ɗaya wadda duk karatunta a waya take yi. Mu muna da wata Hajiya da ta yi karatun firamare lokacin da ake biya Magana Jari Ce a aji, muna kuma da autarmu da bata taɓa sayen littafin takarda da kuɗinta ba, in waɗannan biyun suka haɗu a kan labari ɗaya ba sai kowa ya yi wahalar neman abin faɗa ba.

Matan aure kuma a yi maganar a gida tun farko, a faɗa wa maigida rana da wuri da lokacin dawowa, kar sai an fara a zo ana yau ta zo gobe an hana.

Wuri da lokaci

Rana ɗaya tsayayya, ba a canzawa. Mu Asabar ce duk bayan sati biyu, daga bayan la'asar zuwa kafin magariba, kiran salla shi ne ƙararrawar tashi don haka ba a jan zance. Duk sati yayi yawa ga mai aiki da yara, wata-wata kuma kafin a dawo an manta abin da aka karanta.

Gida-gida muke zagayawa, amma mun kafa doka mai ƙarfi a kan abinci, ruwa da zoɓo ko kunun aya da ɗan cincin ko gyaɗa, iyakarsa kenan. Da farko bamu sa dokar ba, wata ta yi mana waina da miyar taushe, ta gaba ta ga kar a raina ta ta soya kaji, ta ukun da zagayen ya zo kanta sai ta ce bata da lafiya, ashe kuɗin kajin ne babu. Maza naku da sauƙi, tabarma da butar shayi a ƙofar gida sun isa, 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi da suke da fada, wato majalisar shayi ta unguwa, dama zaman yana nan sai dai a shigo da littafi ciki. Wanda ke Kano kuma yake son wurin da ba gidan kowa ba zai iya tuntuɓar laburaren Murtala Muhammad, ko a roƙi aji ɗaya a wata makaranta ranar da ba karatu.

Raba zaman gida biyu

Wannan ne ya fi komai taimaka mana. Rabin awa na farko na zagayen me kike karantawa ne, sauran lokacin na littafin da muka haɗu a kansa ne gaba ɗaya.

A zagayen kowa minti uku take da shi, kuma abu huɗu za ta faɗa, sunan littafin da wanda ya rubuta, inda ta kai, abu ɗaya da ya tsaya mata a rai, sai kuma wa take ganin zai dace ya karanta shi a cikinmu. Na ƙarshen nan kar ku raina shi, in aka kalle ki aka ce Anti wannan naki ne, ke da kike son labarin sarauta, sai kin ji kin matsu ki karɓa. Komai ya halatta a zagayen, nobel ne, tarihi ne, littafin girki ne, na Turanci ko na Larabci ko fassara, har wanda ake saurare a rediyo ko YouTube muna karɓa, don akwai wadda idonta ba ya jure ƙananan rubutu kuma ta fi mu riƙe labari. Wadda bata karanta komai ba a satin ta faɗi gaskiya, ban samu dama ba, a wuce, ba gori ba tsiya. Ranar da kuka fara yi wa mutum gori a kan haka ranar zai fara ƙarya, ko ya fara fashi.

Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ba da labarin tun daga farko. Akwai masu wannan halin, kin ce me kike karantawa sai ta gyara zama ta fara da wata yarinya ce sunanta kaza babanta ya rasu, minti ashirin tana kan babi na biyu. Mai jagoran zama ta riƙe agogo, in minti uku ya cika ta ce ƙurunƙus, dariya ake yi a wuce.

Zaɓen littafin da za a haɗu a kai

Ku fara da gajere. Na sake faɗa, gajere. Kuskuren da muka yi a karon farko shi ne ɗauko wani labari mai littafi na ɗaya da na biyu da na uku har na huɗu, irin tsarin da adabin kasuwar Kano, wato littattafan hikaya da marubuta ke bugawa da kansu a sayar a kasuwa, ya saba da shi tun shekarun 1980, kafin a kai na biyu rabinmu sun zube, biyu kuma sun riga sun gama har na huɗun suna ta ƙaiƙayin baki.

Shawarata ku buɗe da ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da suka fito daga gasar rubutun Hausa da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Sirara ne, a kwana biyu uku an gama, kuma da yawanmu mun karanta su ne don jarrabawa muna haddar sunayen taurari, ba mu taɓa karanta su da idon manya ba, za kuyi mamakin abin da ya wuce ku. Da tsohuwar zuma ake magani. In ma kuna ganin mutanenku ba za su karanta komai a gida ba tukuna, ku ɗauko gajeren labari ɗaya, misali cikin waɗanda suka yi fice a gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, mutum ɗaya ya karanta a bayyane a wurin a minti goma sha biyar sannan a tattauna, ba wanda zai ce bai shirya ba.

Bayan nan zaɓen ya riƙa zagayawa, yau ke gobe waccan, kuma wadda ta zaɓa sai ta faɗi dalili. Bamu yin ƙuri'a, mun gwada muka ga kullum soyayya ce ke cinyewa, masu son tarihi ko labarin bincike ba sa taɓa samun rabo. Sharaɗi biyu ne kawai a kan mai zaɓe, littafin ya zama ana samunsa, kuma ya zama an gama rubuta shi. Labaran onlayin da ake sakowa shafi-shafi kullum da dare suna da daɗin bi, amma marubuciya na iya tsayawa a tsakiya wata uku ko ta bar shi gaba ɗaya, ku kuma kun rataye. Irin waɗannan a bar su a zagayen me kike karantawa.

Littattafan addini kuma ga yadda muka yi, tarihin magabata da sira da makamantansu muna ɗauka, amma abin da ya shafi hukunci da saɓanin malamai mun bar wa makaranta. Majalisar karatu ba makarantar zaure ba ce inda malam ke biyawa ɗalibi na cewa na'am, a nan kowa bakinsa daidai da na kowa, kuma wannan tsarin bai dace da fatawa ba. Ƙungiyanci in ya shigo ta taga to zumunci ta ƙofa zai fita.

Samun littafin

Ba kowa ke iya sayen littafi duk wata ba, kuma ba dole sai kowa ya mallaka ba. Mu karo-karo muke, kowa ta ajiye ɗan abin da aka yanka a kowane zama, a sayi kwafi uku ko huɗu su zagaya, kowa kwana huɗu a hannunta. In an gama su shiga akwatin majalisa. Yanzu akwatin nan ya zama ɗan laburare, har 'ya'yanmu na ara.

Amma fa sai da rijista. Littafin rubutu guda na 'yan makaranta ya isa, a ja layi, suna, littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa. Duk mai karatu ya san ciwon aron littafi, ki ba mutum da bango ya dawo ba bango, shafin ƙarshe yaro ya yage ko an zuba masa manja, ko ma ya tafi kenan, kin tambaya a ce ai ƙanwar mijina ta tafi da shi Kaduna. Dokarmu wadda ta ɓatar ko ta lalata ta saya, ba rigima ba fushi, kuma ba a ba wani na waje aron littafin majalisa sai an faɗa.

Sai maganar da ba a so. In littafin na kuɗi ne a onlayin, marubuciya ta ce a biya kafin a shiga guruf ɗinta ko a saya a manhaja, to kar mutum ɗaya ya biya ya kwafo ya watsa wa goma. Na san ana yi, na san har fidiyef ɗin littattafan mutane na yawo kyauta, amma ku da kuka taru don kuna son littafi bai kamata ku zama masu karya wadda ta kwana tana rubutawa da datarta da cajinta ba. In kuɗin yayi yawa ku yi mata magana kai tsaye ku ce mu goma ne a yi mana ragi, sau da yawa ana dacewa.

Yadda za ki karanta ki zo da abin faɗa

Ki ajiye biro da 'yar takarda a cikin littafin, in a waya ne ki ɗauki hoton shafin. Abu uku kawai za ki kamo kafin ranar zama, wuri ɗaya da ya burge ki, wuri ɗaya da baki yarda da shi ba, da tambaya ɗaya da kike son ji daga bakin sauran. Ki rubuta lambar shafi. Shikenan aikin gidan.

Faɗin ra'ayi, inda aikin yake

Doka ta farko a wajenmu, an hana yayi daɗi tsirararsa. In kin ce yayi daɗi sai kin ƙara da saboda, in kin ce bai min ba sai kin nuna a ina. Da farko mutane sun ji abin wani iri kamar ana musu jarrabawa, Hajiya ma cewa tayi ke 'yar nan ni na bar makaranta tun kafin a haife ki, amma zama uku aka yi kowa ta saba, yanzu ita ce ke fara cewa saboda me in wata ta yi ƙoƙarin zillewa.

In bakin ya ɗaure ga tambayoyin da ke kunce shi. Wa kika fi tausayawa, kuma marubucin ne ya so ki tausaya masa ko ke ce kika ga dama? A ina kika ji kamar ki ajiye littafin? Akwai abin da wani tauraro ya yi wanda kika ce mutum na gaske ba zai yi haka ba? Da ke ce a wurin me za ki yi? Maganar da aka sa a bakin tsohuwar nan, haka tsofaffi ke magana ko haka marubuciya 'yar shekara ashirin da biyar ke zaton suna yi? Wannan ta ƙarshen tana tada ƙura sosai, don da yawa za ki ga an sa kakar ƙauye tana zuba Hausar 'yan jami'a.

Bari in ba da misali da zaman da muka yi a kan Shaihu Umar. Kowa ta zo da nufin yabon Umar, malami mai haƙuri, sai mai gardamarmu ta ce ita fa a ganinta ba shi ne tauraron littafin ba uwarsa ce, shi an sace shi yana yaro an yi ta ɗaukarsa daga hannu zuwa hannu, ita ce ta tashi da ƙafarta ta bar gida ta shiga duniya nemansa, ita ce ta zaɓi wahalar. Aka yi ca a kanta, ta buɗe shafi ta karanto, wata ma ta buɗe nata, sai ga mu muna maganar bauta da fataucin mutane ta hamada, da abin da kakanninmu suka faɗa da wanda suka ƙi faɗa, har aka kira magariba bamu sani ba. Da yayi daɗi aka tsaya da ba a je nan ba. Haka a Ruwan Bagaja, tambaya ɗaya aka jefa, tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe wa ya fi wani mugunta, kuma me yasa muke dariya maimakon mu ji haushi, ta ishe mu zama guda.

Sai a kiyaye abu uku da ke ɓata irin wannan hira.

Na ɗaya fasa ƙwai. A yanka inda za a tsaya, misali zuwa ƙarshen babi na shida, wadda ta wuce nan ta kama bakinta, har da fuska, don akwai masu cewa ni dai ba zan faɗa ba amma hmm wannan mutumin ku dai bari, to ai kin faɗa. Tarar fasa ƙwai a wajenmu ita ce kawo zoɓon zama na gaba.

Na biyu haɗa marubuci da taurarinsa. In an rubuta muguwar kishiya ba yana nufin marubuciyar na koyar da mugunta ba, in an rubuta ɗan shaye-shaye ba shi ke nuna marubucin na sha ba. Abin tambaya shi ne ya aka nuna abin, an ƙawata shi ne har mai karatu ya yi sha'awa, ko an nuna shi da sakamakonsa. Nan ne maganar tarbiyya ke shigowa, kuma za ta shigo ko kun so ko ba ku so, wata za ta ce littattafan soyayya ne suka lalata yara wata ta ce su ne suka koya wa dubban mata karatun Hausa a ɗakunansu. Ku bari a yi ta amma a kan littafin da ke gabanku, da shafi, kar a koma yanke wa duka marubuta hukunci a dunƙule. Wannan muhawarar manyan malaman jami'a irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi ta a jaridu tun shekarun 1990 suna mayar wa juna martani, ba ku za ku ƙare ta da yammacin Asabar ɗaya ba. Ni dai nawa ra'ayin, akwai na banza a ciki da ban yarda 'yata ta taɓa ba, akwai kuma waɗanda suka faɗi gaskiyar auren dole da sakin wulaƙanci tun lokacin da ba mai iya faɗa a fili, kuma wanda bai karanta ba bai da bakin raba su.

Na uku sukar mutum maimakon ra'ayinsa. Ban ga haka ba, ga dalilina, wannan daidai ne. Ke dama ba kya gane komai, wannan a bar shi a waje. Kuma yarinya na da damar saɓa wa babba, cikin ladabi, autarmu takan ce Hajiya ki yi haƙuri ni dai ba haka na fahimta ba, Hajiya ta ce to faɗi naki mu ji. In babba bata ba da wannan ƙofar ba yaran shiru za suyi, don haka tun kafin a fara ki keɓe da manyan ki roƙe su.

In akwai marubuciya a cikinku, kuma kusan kullum akwai, kar a sa littafinta a watannin farko. Kunya za ta hana kowa faɗin gaskiya, a yi ta yabo na dole, ko kuma ɗaya ta faɗa a ɓata. Sai an saba, kuma sai ita ta nema da bakinta, sannan a fara da abin da ya yi kyau kafin a zo ga gyara.

Mai jagoran zama

Ita ma zagayawa ake, amma ba wadda ta zaɓi littafin ba, don mai zaɓe kare littafinta take kamar ɗanta. Aikinta ta buɗe da addu'a, ta riƙe lokaci, ta zo da tambayoyi uku a ajiye ko da hira za ta mutu, ta kuma lura da wadda bata ce komai ba. Mai shiru ba a ce mata ke ba ki ce komai ba, sai ta ƙara shigewa, a tambaye ta abu ƙarami, Yaya ke wane shafi kika naɗe? Mai surutu kuma a ba ta aiki, ita ke rubuta abin da aka faɗa, hannu na aiki baki na hutawa.

Akwai kuma wadda ta karanci Hausa a jami'a, za ta zo da jigo da warwarar jigo da zubi da tsari da salo. Alheri ce, ku riƙe ta, za ku koyi sunayen abubuwan da dama kuna gani baku san sunansu ba, amma a ajiye ta ta yi magana a ƙarshe, in ta fara kowa sai ya ji nasa ra'ayin na 'yan koyo ne ya haɗiye.

Tsakanin zama da zama

Guruf ɗin waya na nan amma bawan zaman ne, ba shi ne majalisar ba. 'Yan majalisa kaɗai ke ciki. Ba talla, ba fowadin, ba siyasa, gaisuwar Juma'a ma mun ce a yi wa juna ta fuska. Sanarwar rasuwa ko haihuwa ta 'yar majalisa kam dole ce, wannan zumunci ne. Abin da ake turowa shi ne tunin rana, inda za a tsaya, wa ke riƙe da kwafi, sai ranar Laraba da kowa ke turo layi ɗaya daga abin da take karantawa. Saƙon murya kar ya wuce minti ɗaya, ba mai datar sauraren wa'azi.

In wasunku sun yi nisa, aure ya kai wata Abuja ko karatu ya kai wani Sudan, ana iya yin zaman ta waya, amma a sa awa guda takamaimai da kowa zai hau lokaci ɗaya, mai jagora ta riƙa jefo tambaya ɗaya bayan ɗaya. In aka bar shi kowa ya amsa sanda ya ga dama to an koma gidan jiya.

Bayan kun yi wata shida

Ku buɗe littafin da mai surutu ke rubutawa ku karanta daga farko, za ku sha dariya, za kuma ku ga wane irin littafi ne ke tada muku hira da wanda ke kashe ta. Lokacin ne za ku iya ƙara mutum biyu, ko ku gayyato marubuci ya zo ya zauna da ku, da yawansu na murna da haka don ba kasafai suke haɗuwa da wanda ya karanta su da biro a hannu ba, ku dai haɗa masa kuɗin mota kuma ku sayi littafinsa a hannunsa. Reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na jiharku hanya ce mai sauƙi ta samun su. Ranar littafi ta duniya 23 ga Afrilu da Ranar Hausa 26 ga Agusta kuma mukan yi zama na musamman, kowa ta zo da yaro ɗaya a karanta musu tatsuniya ko labari ɗaya daga bakin akun nan na Magana Jari Ce.

Da azumi muna rufewa gaba ɗaya, ba mai lokacin nobel ga tilawa ga girkin buɗa baki, amma kafin a rufe sai an yanka ranar dawowa, Asabar ta biyu bayan salla, an kuma raba littafin da za a dawo da shi. Hutun da ba a sa masa ranar dawowa ba shi ne ya kan zama mutuwa.

Sannan akwai ranar da za ki share tsakar gida ki shimfiɗa tabarma ki haɗa zoɓo mutum biyu kacal su zo, ga hadari ya haɗo, ɗaya ma bata gama karatun ba. Kar ki ɗaga. Ku zauna ku ukun ku yi zagayenku ku tattauna inda kuka kai, a rubuta a littafi kamar kullum, da dare ki tura wa sauran abu ɗaya mai zafi da aka faɗa ba tare da gori ba, kamar auta ta ce uwar ce ta jawo komai, Hajiya bata yarda ba, za a ƙarasa zama mai zuwa a gidan Anti, a tsaya a babi na tara.